Amsar Kunkuru

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da 'yan biyu. Ya aiki, ya ɗawainiyar iyali? Allah ya taimaka. Mu ma nan lafiya, irin lafiyar da ake faɗa wa maƙwabci ta kan katanga.

Na san za ka yi dariya in ka ga ambulan, kai da kake kwana kake tashi cikin kwamfutoci. To laifinka ne. A waya ba ka taɓa bari na kai aya ba. Da na ɗauko magana sai ka ce ana jiranka a taro, za ka kira anjima, anjimar nan taka kuwa har yau ba ta iso ba. Takarda dai ba a katse ta. In ka ga dama ka karanta, in ka ga dama ka ajiye, ni dai na faɗa.

Mun koma wajen likita da Baba. Abin da muke ta kewaye-kewaye a kansa, shi ya faɗe shi kai tsaye: ciwon mantuwa ne, irin wanda ba ya komawa baya. Ya ce maganin da ya rubuta rage masa gudu kawai zai yi. Ya kuma ce duk wanda yake so Baba ya gan shi ya gane shi, to kada ya ja ƙafa. Haka ya faɗa yana kallon idona, ni kuwa ina kallon takalman Baba, don sai a lokacin na lura kowace ƙafa da irin nata.

Makon jiya ya fita sayo burodi a shagon kan kwana, shagon da tun kafin a haife ka yake zuwa. Mai aski ne ya dawo mini da shi riƙe da hannu. Wai ya hango shi tsaye a bakin titi da burodin a hammata, yana duba gabas yana duba yamma, mutane na ta wuce shi. Da suka shigo Baba sai faɗa yake, wai an canza wa gidaje fenti ba a yi shawara da kowa ba. Na yi wa mai aski godiya, na shiga kicin na buɗe famfo don kada a ji kukana.

Amma ka zo ka gan shi a gaban kwamfutarsa, sai ka rantse likita ƙarya yake. Teburin nan yana nan, da kwalin da aka cusa a ƙarƙashin gurguwar ƙafarsa tun Mama na da rai. Kibod ɗin ma, allon maɓallan nan, shi ne. Maɓallan tara da sifili sun goge tas, don a kansu baka-biyu suke, wato alamomin ( da ), Lisp ɗin nan tasa kuwa, yaren da yake rubuta manhaja da shi, ba a ba kwamfuta umarni da ita sai an buɗe baka an rufe baka. Da ya gama shan shayin safe sai ya gyara tabarau ya shiga zauren nan nasu na intanet, inda masu rubuta manhaja da Lisp ke kawo tambayoyinsu. Tun da ya yi ritaya daga ofishin zanen taswira, can ne ya zama ofishinsa. Har yanzu da Kunkuru suka san shi, sunan da suka laƙaba masa don sai kowa ya gama zuba amsa yake isowa da tasa, kuma tasa ake ɗauka.

Ka tuna tambayar nan da ba ta mutuwa? Har yanzu tana zuwa, kusan kowane mako. Sabon shiga zai ce wa na'ura ta tara masa 0.1 sau goma, yana jiran ta ce ɗaya, sai ta ce 1.0000001. Sai ya rugo zaure hankali a tashe, wai ya gano kuskure a Lisp, ko kuwa kwamfutarsa ta lalace. Amsar da Baba ya rubuta a kan wannan tun ina sakandare ita ce har yau a kan gaba, ni ma da nake koyar da lissafin firamare na haddace ta don yawan ji. Ya ce ka ɗauki hankici ka ninka shi biyu, ka sake ninkawa, ka sake. Za ka sami rabi, da rubu'i, da rabin rubu'i, amma ko shekara za ka yi kana ninkawa, layin ninki ba zai taɓa faɗawa daidai kan kashi ɗaya cikin goma ba. To ita na'ura ninki biyu kaɗai ta iya. In ka ce mata 0.1 sai ta ba ka ninkin da ya fi kusa, da ɗan ragowar da ido ba ya gani, in ka tara goma sai ragowar ta fito fili. Saboda haka, in ji shi, kada ka tambayi lambobi biyu masu ɗigo ko daidai suke, ka tambaya ko sun kusa. In kuwa daidai ɗin kake so, Lisp ta ba ka hanya, ka rubuta 1/10 ka huta.

Na san ka fi ni sanin wannan, aikinka ne. Na rubuta ne don ka ji cewa mutumin da ya ɓace tsakanin shago da gida, jiya-jiyan nan ya warware wa wani ɗalibi matsalar da ta hana shi sakat, har ɗalibin ya rasa bakin godiya. Abin da ya rage masa ke nan, Yaya. Likita ma ya ce a bar shi a kai.

Ban manta da abin da ya shiga tsakaninku ba. Ina ƙarama a lokacin, amma ina da kunne. Na ji ranar da ka ce masa ƙirga baka a Lisp da tsintar tsakuwa a shinkafa duk ɗaya ne, wai yaren matattu ne, shi kuma ya ce wanda bai iya rufe abin da ya buɗe ba kada ya kira kansa ɗansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, a taurin kai dai ka gado shi. Amma wannan duk ya wuce, shi har ya fara mantawa, kai kaɗai ka rage riƙe da shi. Ka ce sai kun saki sabuwar manhajarku za ka sami hutu. Ina roƙonka kada ka jira.

Ka gaida Anti, ka shafa mini kan 'yan biyu. Gwaggo tana gaishe ku. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

* * *

Yayana,

Sallama da gaisuwa irin ta kullum. Ina fata kuna lafiya, kuma murar da Anti ta ce 'yan biyu na fama da ita ta sake su. Allah ya ƙara sauƙi. Baba jiki Alhamdulillahi, yana ci yana sha, gwiwar ma ba ta dame shi ba kwanan nan.

Sabuwar kwamfutar da ka aiko ta iso, mun gode, Allah ya saka da alheri. Siririya kamar faranti, kuma aikin farantin take yi, don a kanta Baba ke ɗora kofin shayi. Ya buɗe ta sau ɗaya, ya shafa maɓallan, ya ce ba su san hannunsa ba, ya rufe. Ni dai mutum na roƙa, aka aiko mini da kwali.

Abin da nake tsoro ya fara. Wata yarinya ta kawo tambaya zaure, wai shirin da ta rubuta ya ƙi tsayawa. Ta ce masa ya riƙa ƙara 0.1 har sai ya kai ɗaya daidai sannan ya tsaya, shi kuwa ya tsallake ɗaya ya yi ta tafiya. Wannan ko ni daga kicin zan amsa ta. Baba ya zauna ya rubuta mata cewa shirinta lafiya lau yake, ta kashe kwamfutar ta sake kunnawa kawai. Sannan ya ɗora misali a ƙasa, ya buɗe baka bai rufe ba har wuri uku. Kunkuru fa, Yaya. Mutumin da ya taɓa dawo mini da wasiƙar da na rubuto masa daga makarantar kwana, ya ja layi da jan biro, don na buɗe baka na manta ban rufe ba.

Ban san abin da ke faruwa ba sai da na ji shirun ya yi yawa. Na leƙa na same shi ya kafa yatsa a fuskar kwamfutar yana ƙirga bakan ɗaya bayan ɗaya, leɓensa na motsi, yadda 'yan ajina ke ƙirga da tsinke. In ya kai tsakiya sai lissafin ya kwance masa ya koma farko. A ƙarƙashin amsar mutane sun taru. Wani ya tambaya cikin ladabi ko Malam ya gaji ne. Wani ya ce lallai kutse aka yi wa Kunkuru. Wani mara kunya, da ganin rubutunsa ko gemu bai fara ba, ya ce ya kamata tsofaffi su san lokacin tashi daga kujera. Ka san a zauren ana ba amsa maki, a ɗaga ta ko a danne ta, tasa sai ƙasa take yi. Ya juyo ya tambaye ni me ya yi musu. Na ce ba komai, ya zo ya ci abinci. Da ya kwanta hutawa da rana na je na goge amsar.

Na ɗauka tsautsayin rana ɗaya ne. Sai ga amsa ta biyu irinta, sai ga ta uku. Ta ukun ma ko kusa da tambayar ba ta je ba, labarin wata taswira yake ba su da aka zana kafin a haife ni. Ina aji ina koyarwa, rabin hankalina na kan waya ina gadin abin da zai rubuta. Har shugabar makaranta ta yi mini hannunka mai sanda a gaban sauran malamai.

Gwaggo ta zo ta ce a ɗauke kwamfutar gaba ɗaya, wai ita ce ta tsotse masa ƙwaƙwalwa, tun yana saurayi take faɗa ba a ji. Ka san Gwaggo, ko ƙafarka ce ta karye, a wajenta laifin kwamfuta ne. Na ce mata in an ɗauke me zai tashi ya yi da safe, kallon bango? Ta ce ni na sani, tun da ni na yi karatu. Muka rabu kowa na huci.

Ga abin da na yi, ka faɗa mini ko na yi daidai. Na canza kalmar sirrin Kunkuru. Da ya zo shiga ya kasa, na ce masa masu zauren ne suka yi gyara, kowa sai ya sake rajista. Na buɗe masa sabon shafi da sunan Baƙo. Tunanina shi ne, in zai yi kuskure ya yi shi da sunan da ba wanda ya sani, Kunkuru kuma ya tsaya yadda mutane suka san shi. Bai yi mini musu ba. Da Baban da ne, da sai ya rubuta wa masu zauren doguwar takardar ƙorafi. Wannan kuwa cewa ya yi to, Allah ya yi miki albarka, ya sa na rubuta masa sabuwar kalmar a guntun kwali na manna masa a gefen tebur.

Tun ranar abinci ba ya mini daɗi. Na yi wa mahaifina ƙarya ina kallon idonsa, ya kuma sa mini albarka a kai. Wani lokaci in ce asiri na rufa masa, wani lokaci in ce korarsa na yi daga gidan da ya gina da hannunsa. Ba ni da wanda zan tambaya sai kai, kai kuma kana taro.

Yana tambayarka. Shekaranjiya ya ce yaushe za ka zo, ya faɗi sunanka daidai, har da na Anti. Irin waɗannan ranakun raguwa suke yi. Ka zo ka sami rabonka a cikinsu tun da sauransu.

A gaida mutanen gida duka. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Auta

* * *

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fata kowa lafiya. Yau ba ni da doguwar gaisuwa, ka yi haƙuri.

Na ji an sake ɗaga ranar sakin manhajarku. Allah ya sa a sake ta lafiya, ta yi tsawon rai, ta ga jikokinta.

Ka ce wa Anti, ita kuma ta ce mini, wai da kuka yi waya da Baba ranar Lahadi ka ji shi garau, ni ce mai ƙarin gishiri. To bari in ba ka ragowar wayar, wadda ba ka ji ba. Ka lura yadda ya yi ta ce maka ranka ya daɗe, yana tambayar iyali, yana godiya da ka tuna da shi? Yaushe Baba ya taɓa ce maka ranka ya daɗe? Da ya miƙo mini wayar cewa ya yi wannan mutumin akwai ladabi, a wane sashe yake a ofis? Na ce Yaya ne fa. Sai fuskarsa ta canza, ya ce ya sani mana, wasa yake mini. Ya tashi ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Da na kai masa ruwa na tarar da shi zaune a bakin gado yana maimaita sunanka a hankali, don kada ya sake kuɓuce masa.

Garau ɗin da ka ji ke nan.

A zauren kuwa tun da ya zama Baƙo bai amsa ko tambaya ɗaya ba. Kullum yana shiga, ya karanta, ya gyaɗa kai. Na ce Baba ba za ka taimaka musu ba? Ya ce shi sabon zuwa ne, ba ya kyau baƙo ya shigo ya fara yi wa masu gida gyara, sai ya ga kamun ludayin kowa tukuna. Na so ya daina kuskure a gaban mutane, ga shi ya daina, kuma wallahi ban ji daɗin ko ƙwayar zarra ba.

Na ajiye darasin yamma da nake yi wa yara, don ba na iya barinsa shi kaɗai har faɗuwar rana. Maƙwabciyarmu mai ɗinki tana leƙa shi da safe in ina makaranta. Na sa ƙararrawa a ƙofar waje. Na so in ce ba ƙorafi nake ba, amma ƙorafin ne. Na gaji, Yaya. Na gaji da zama ni kaɗai ce mai tuna komai a gidan nan. In na ce ka tuna ranar da Mama ta yi kaza, babu mai ce mini e.

Ba na son kwali, ba na son gaisuwa ta bakin Anti. Ka zo.

Auta

* * *

Zuwa ga Yayana na kaina,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ta fi ta wancan karon, don na san na yi zafi, ka yafe mini. Ya Anti, ya 'yan biyu, ya gajiyar aiki? Na ji kun saki manhajar, Allah ya sa albarka. Na kuma ji yanzu gyaran kurakuranta ne ya riƙe ka. Ba zan ce komai a kai ba. Labari kawai zan ba ka, na abin da ya faru ranar Talata.

Kwanakin nan Baba ya ɗauko sabon aiki, wai koyon Lisp yake. Ya ce ya ga 'yan zauren nan suna jin daɗinta, bari shi ma ya taɓa ko da tsufa. Yatsunsa sun san hanya, da kansu suke zuwa kan tara da sifili, shi kuma ya yi ta mamakin yadda abin ke zo masa da sauƙi. Ya ce da ya fara da wuri da ya yi nisa. Na ce gaskiya ne, Baba.

Ranar Talata ina yanka albasa ya ƙwala mini kira, irin kiran da na ɗauka faɗuwa ya yi. Na rugo da wuƙar a hannu. Ya nuna mini fuskar kwamfuta. Ya tara 0.1 sau goma, na'ura ta ba shi 1.0000001. Ya ce in duba masa, ko idonsa ne. Ya sake, ta sake ba shi. Ya ce ko dai kwamfutar nan ta lalace, ko kuwa masu Lisp ɗin ne suka yi kuskure ba wanda ya lura, lallai a sanar da su kafin wani ya yi aikin gaske da ita a cuci mutane.

Na buɗe baki zan ba shi labarin hankici, ya ɗaga mini hannu. Wai wannan ba lissafin 'yan firamare ba ne, in bari a tambayi masana. Ya gyara zama ya rubuta tambayarsa a zaure da sunan Baƙo. Ya fara da sallama, ya gaida masu gida, ya ba da haƙuri cewa shi tsoho ne sabon koyo, sannan ya zayyana abin da ya gani tsaf, bakansa duka a rufe, don ya yi ta bi yana dubawa da yatsa. Ina tsaye a bayansa ina kallo, ban hana shi ba. Ban san da wane baki zan hana shi ba.

Ka san al'adarsu, kai ma irin zaurukan nan kake shiga. Tambayar da aka taɓa amsawa ba a sake amsa ta, rufe ta ake yi a nuna wa mutum tsohuwar amsa. Baba ya yi shekaru yana faɗa da wannan al'ada. Yakan ce tambayar a wajenku tsohuwa ce, a wajen mai yin ta sabuwa ce fil, ko za a rufe a fara amsa masa sallama. Kafin albasata ta soyu sun rufe tasa. Layi ɗaya suka bar masa, wai an sha yin wannan tambaya, a riƙa bincike kafin a yi magana, ga amsar Kunkuru nan. Ba wanda ya amsa sallamar.

Ya ji ciwo. Ya cire tabarau ya ajiye, ya ce ashe ba a son baƙi a nan. Don in kawar masa da hankali na danna wajen da suka nuna, amsar ta buɗe, na ce bari in karanta masa. Na yi kamar ina karantawa dai, don idona ya cika ba na ganin komai, da ka na kawo ta. Da na zo wajen hankici ya ce in tsaya. Ya laluba aljihu ya fito da nasa, ya shimfiɗa a kan sabuwar kwamfutarka, ya ninka, ya sake ninkawa, ya sake, ya buɗe yana bin layukan da yatsa yana neman kashi ɗaya cikin goma. Sai ya kwashe da dariya. Yaya, rabon da in ji wannan dariyar tun Mama na da rai. Ya koma kan kibod ya tara 1/10 sau goma, na'ura ta ce 1, ya buga tebur har kwalin ƙafar ya fice.

Ya ce wannan mutumin malami ne. Ya ce akwai masu sani, akwai masu iya sanar da wani, wannan ya haɗa biyun, kuma da gani ba ya wulaƙanta mai tambaya. Ya ce wane ne shi, a ina yake, yana so ya yi masa godiya da kansa.

Na durƙusa a gefen kujerarsa na ce Baba, kai ne. Kai ne Kunkuru, kai ka rubuta, a kan teburin nan, da kibod ɗin nan. Na faɗa masa har abin da na yi da kalmar sirri, na ce in yana so yanzun nan in mayar masa da sunansa. Ya dube ni da tausayi, ya dafa kaina, ya ce in daina zolayar tsoho, shi da sai ya ƙirga baka da yatsa. Ya ce ba kyau a ɗauki aikin wani a ba wani, ko da wasa.

Sai ya ci gaba da gangarawa ƙasa, wajen da mutane ke barin sharhi. Na manta da su sam, da na tuna da na rufe shafin. Na baya-bayan nan duk cigiya ce: ina Kunkuru, an daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba, ko akwai mai labarinsa. Wani ya ce amsoshinsa na ƙarshe ba su yi kama da shi ba, da alama ba shi da lafiya. Wani ya ce shi dai ya ji an ce ya rasu. Baba ya karanta wannan a hankali, ya yi salati, ya ɗaga hannu ya yi wa Kunkuru addu'a, Allah ya jiƙansa, ya sa abin da ya koyar ya bi shi, ya ba iyalinsa haƙuri. Ya juyo ya ce mini ban ce amin ba. Na ce amin.

Da yamma ya sa na je shagon buga takardu na bugo masa amsar. Ita ce ka gani a cikin ambulan ɗin nan, shi ya ninke ta da hannunsa. Ya ce in aika wa yaronsa da ke makaranta. Wai yaron yana da kai, amma ya tsani Lisp, kuma laifin ba na yaron ba ne, shi ne bai iya bayani ba, da ya fara sai faɗa. Ya ce da irin wannan malamin yaron ya samu, da ba su ɓata ba. Na ce ya sunan yaron, in rubuta a bayan ambulan? Ya yi ta kallon hankicin da ke hannunsa. Can ya ce ke dai rubuta, ai kin san shi.

Na daina ce maka ka yi sauri, Yaya. Abin da nake ce maka ka zo ka tarar, ban san ko yana nan ba. Ka zo duk ranar da aiki ya sake ka, ɗakinka a share yake. In ka shigo ka yi sallama, ka faɗi sunanka da abin da ya kawo ka, kada ka ji komai. Zai tashi ya ba ka kujera, zai sa in kawo maka shayi. Ka san Baba da son baƙi.

Gaisuwa ga Anti da 'yan biyu. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Auta